Yadda Ake Binciken Cutar Funfuna a Ganyen Gyaɗa: Aikin Gwaji Ga Ɗaliban Bayoloji

Darasin cututtukan tsirrai yana cikin manhajar bayoloji ta babbar sakandare, kuma mafi yawan ɗalibai da hadda suke wuce shi: sunan cuta, abin da ke kawo ta, alamominta, maganinta. A zuba a takardar WAEC ko NECO, a manta. Wannan asara ce, domin da wuya a samu darasin da kayan aikinsa suka wadata a ƙasarmu kamar wannan. Daga watan Agusta har zuwa kaka, ba za ku shiga gonar gyaɗa a Kano ko Maraɗi ku fito ba ku ga ganye mai ɗigo-ɗigon tabo ba. Manoma da yawa ma suna ɗaukar tabon nan da zubar ganye a matsayin alamar gyaɗa ta nuna, alhali cuta ce ta riga su cin rabonta. Inda tabon ganye da cutar tsatsa suka haɗu suka yi tsanani, sukan rage rabin abin da gonar za ta bayar, ko fiye, ban da harawar da dabbobi za su rasa.

Abin da ke haddasa wannan tabo funfuna ce, 'yar uwar wadda ke fitowa a burodi ko tuwon da ya kwana biyu, kuma 'yar uwar burtuntunar dawa. Halitta ce mai rai, amma ba ta da kolorofil, wato koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi a hasken rana. Dole ta ci daga jikin wani. Jikinta zare ne siriri ƙwarai mai rassa, kuma tana yaɗuwa ta hanyar ƙurar iri, ƙwayoyi ƙanana da iska da fantsamar ruwa ke ɗauka.

Ku tanadi ledoji farare, fensir da littafi, gilashin ƙara girma, salatif mai haske, takardar giraf, tishu, roba mai murfi, aidin, sifirit ko itanol, da gwangwanaye huɗu na shuka. Idan makarantarku tana da maikuroskof da silaid, madalla. Idan babu, mataki ɗaya kawai za ku rasa.

Mataki na farko: tara ganye

Ku fita da sassafe kafin raɓa ta bushe, ku nemi izinin mai gona tukuna. Kada ku tsaya kallon saman gyaɗar, ku durƙusa ku buɗe gindinta. Cutar daga ƙasa take farawa, saboda can ne kusa da ruɓaɓɓen ganyen bara inda funfunar ta yi rani, kuma can ne laima ta fi daɗewa. Ku tsinko kashi uku: ganye lafiyayye, ganye mai tabo kaɗan, da wanda ya cika da tabo ya fara rawaya. Kowane kashi da ledarsa. Ku rubuta kwanan wata, wurin, kwana nawa da shuka, da yaushe aka yi ruwan ƙarshe. Wannan rubutu shi ne ya raba bincike da yawon gona, kada ku raina shi.

A hanyar dawowa, in kun ga ganyen tumatir, kuɓewa, kabewa ko mangwaro mai alamar ciwo, ku haɗa da shi domin kwatantawa.

Mataki na biyu: duba fuska biyu na ganyen

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne duba saman ganye kaɗai. Ku juya shi. A gyaɗa, bayan ganyen ne ke bambance cututtuka uku da suke zama tare a gona ɗaya, wani lokaci ma a ganye ɗaya.

Ta farko ita ce tabon farko, wadda funfunar Cercospora arachidicola ke kawowa. Takan bayyana kimanin wata guda bayan shuka. Tabonta ruwan ƙasa ne, kewayayye, yawanci da zoben rawaya a gefensa, kuma ƙurar irinta a saman ganye take fitowa. Ta biyu ita ce tabon baya, ta funfunar Cercosporidium personatum. Ta fi jinkirin zuwa, tabonta ya fi duhu, a bayan ganye kusan baƙi ne, zoben rawayarsa bai cika fitowa ba. Ku sa gilashin ƙara girma a bayan ganyen, za ku ga ƙananan tsiro baƙaƙe sun jeru zagaye-zagaye a cikin tabon. Su ne tarin sandunan da ke ɗauke da ƙurar iri. Ta uku ita ce tsatsa, ta funfunar Puccinia arachidis: ƙuraje ƙanana masu launin lemo a bayan ganye. Ku shafa farin tishu a kansu, garin tsatsa zai biyo shi.

Akwai wani bambanci da ake gani tun daga bakin gona. Tabon farko da na baya suna sa ganye ya zube, har a bar kara tsirara daga ƙasa. Ganyen da tsatsa ta kashe kuwa yakan bushe ya tsaya a jikin tsiron, gonar ta yi kamar wuta ta bi ta.

A tumatir, ku nemi tabo mai zobba a cikin zobba, aikin Alternaria solani ke nan. A kuɓewa da kabewa, farin gari ne a saman ganye, musamman da rani a fadama. Ku zana kowanne da fensir, sama da baya, ku auna faɗin tabo biyar da rula.

Mataki na uku: tabbatar cewa funfuna ce

Ba kowane ganye mai rawaya ne funfuna ta taɓa ba, kuma wanda ya kasa bambancewa zai sa manomi ya sayi maganin da ba zai yi masa komai ba.

Kuturtar gyaɗa bairos ne ke kawo ta, wata ƙwayar cuta da ba funfuna ba, ƙwarin darɓa kuma su ke yaɗa shi. Tsiron yakan tsugune, ganye ya ƙanƙance ya murɗe ya yi kwalliyar kore da rawaya, amma babu mataccen tabo mai iyaka, babu ƙura. Ita ce ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya a 1975, kuma feshin maganin funfuna ba ya taɓa ta. Ƙarancin taki shi ma yana sa rawaya, amma a tsare take zuwa: dukan ganyen ya koɗe bai ɗaya, ko a bi tsakanin jijiyoyi daidai wa daida a hagu da dama. Tabon funfuna a warwatse yake, duk inda ƙurar iri ta faɗa. Tabon bakteriya yakan fara da kamar ruwa ya jiƙa wurin, sau da yawa yana da kusurwoyi saboda jijiyoyin ganye sun tare shi. Sai baƙin kunkunniya da ake gani a ganyen mangwaro da lemo. Ita funfuna ce, amma ba ta shiga ganyen, ruwan zaƙin da ƙwari suka zubar take ci. Ku goge da jiƙaƙƙen tishu za ku tarar da ganyen lafiya ƙalau a ƙasa. Ɓarnarta ita ce tare haske.

Mataki na huɗu: sa funfunar ta fito fili

Ku shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu a cikin roba mai murfi. Ya jiƙe, amma kada ruwa ya kwanta. Ku ɗauraye ganye mai tabo da ruwa mai tsabta, ku ɗora a kai, wasu a rigingine wasu a kife, ku rufe, ku ajiye a inuwa cikin aji. A wata robar ku sa ganye irinsa a busasshen tishu. Bayan awa 24 zuwa 48 ku buɗe ku duba da gilashi. A robar mai laima, tabon zai yi wani gashi-gashi mai laushi, sabuwar ƙurar iri ce ta fito. A busasshiyar ba za ku ga wani canji ba.

Kada ku wuce kwana biyu zuwa uku. Bayan nan funfunar ruɓa, wadda ba ruwanta da cutar, za ta rufe komai ta rikita ku.

Mataki na biyar: duba ta a maikuroskof

Ku yanki salatif tsawon santimita 2, ku danna gefen mai danƙo a hankali a kan tabon da ya yi gashi, ku ɗaga. Ku ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a silaid, ko shuɗin metilin in akwai, ku manna salatif ɗin a kai. Ku fara da ƙaramin ido, ninki 100, sai kun gano wurin ku koma ninki 400.

Ƙurar tabon farko doguwa ce siririya, an raba ta ɗaki-ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. Ta tabon baya ta fi gajarta da kauri. Ta tsatsa kusan kewayayya ce, ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙananan ƙayoyi a jikinta, faɗinta tsakanin maikuromita 20 zuwa 30. Wato sai an jera kusan 40 kafin su cika milimita ɗaya. Ta Alternaria tana da kumburarren jiki da dogon baki, rabe-rabenta a tsaye da a kwance. Ku zana abin da idonku ya gani, ba abin da ke littafi ba.

A nan ya kamata ku dakata ku fahimci abin da wannan 'yar ƙwaya take yi idan ta sauka a ganye, domin shi ne zuciyar darasin.

Idan ta faɗa a busasshen ganye, ba abin da ke faruwa. Idan ganyen ya kwana da raɓa ko ruwan sama na sa'o'i, ga ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30, sai ta tsira, ta fitar da zare ɗaya yana rarrafe a fatar ganye yana neman ƙofa. Ganye yana da kariya: rufi mai kama da kakin zuma a waje, sai fata. Amma yana da ƙananan ƙofofin iska, sitomata, waɗanda dole su buɗe domin iskar kabon ta shiga. Tsatsa ta nan take shiga. Wasu kuma ba sa jiran ƙofa. Funfunar da ke ƙona ganyen shinkafa, Magnaporthe oryzae, tana yin wani ƙulli a ƙarshen zarenta, ta manne da fatar ganye, ta tara matsi a ciki har kimanin ninki 40 na iskar tayar mota, sannan ta huda fatar da ƙarfin tsiya.

Bayan shiga, hanya biyu ce. Tsatsa da farin gari ba sa kashe ƙwayoyin halittar ganye da wuri, domin a rayayyen nama kaɗai suke iya rayuwa. Suna zura wani bakin tsotso cikin ƙwayar halittar, suna shan sukarin da take haɗawa, har ma abinci daga sauran sassan tsiron yakan karkato zuwa wurin. Irin su Alternaria kuwa kisa suke fara yi: su zuba guba da sinadaran narkarwa, ƙwayoyin halitta su mutu, su ci gawar, su matsa gaba. Da yawa daga dangin Cercospora suna da wata jar guba, sakosporin, wadda ba ta aiki sai haske ya taɓa ta. Hasken da ganye ke nema domin abinci, shi ke tayar da gubar da ke kashe shi. Tsakiyar tabo ke nan, mataccen nama. Zoben rawayar nan kuwa wurin da kolorofil ya fara lalacewa ne, ƙwayoyin ba su mutu ba tukuna.

Daga saukar ƙurar zuwa fitowar tabo, a gyaɗa, kimanin kwana 10 zuwa 14 ne. Ku riƙe wannan da kyau. Tabon da kuka gani yau, makonni biyu da suka wuce aka kamu da shi, kuma ganyen da ke kusa, mai kore shar, wataƙila ya riga ya kamu bai nuna ba. Kowane tabo kuma yana fitar da sabuwar ƙura, zagayen ya sake, sau da yawa a damina ɗaya. Da haka tsatsar masara, Puccinia polysora, wadda aka fara gani a Saliyo a 1949, ta ratsa Afirka ta Yamma har gabashin nahiyar cikin 'yan shekaru.

Wani abin lura ga masu shirin jami'a: cutar da ke mayar da zangarniyar gero ganyaye, ta Sclerospora graminicola, da wadda ke ƙona dankalin turawa a Filato, ta Phytophthora infestans, tsofaffin littattafai suna lissafa su cikin funfuna. Ita ta biyun ce ta jawo yunwar ƙasar Ailan daga 1845. Yanzu an ware su a wani rukuni daban, saboda bangon ƙwayarsu na selulos ne, na funfuna ta ainihi kuwa kaitin ne. Ku bi abin da manhajarku ta ce a jarrabawa, amma ku san wannan.

Mataki na shida: auna ɓarnar

Ganyen gyaɗa 'ya'ya huɗu gare shi. Ku ciri ɗaya ku ɗora a takardar giraf, ku zagaye shi da fensir, ku ƙirga ƙananan murabba'an da ke ciki. Sannan ku ɗora farar leda a kansa, ku zana tabbai da wuraren rawaya, ku mayar kan giraf ku ƙirga su. A ce faɗin ganyen murabba'i 600 ne, mataccen tabo 90, rawaya 60. Mataccen wuri shi ne 90 a raba da 600 a ninka da 100, wato kashi 15 cikin ɗari. In an haɗa da rawaya, kashi 25. Ku yi wa ganye goma haka ku fitar da matsakaici. Ku kuma ƙirga gaɓoɓin kara da ganyensu ya zube, domin ganyen da ya faɗi asararsa ɗari bisa ɗari ce, kuma giraf ba zai nuna muku shi ba.

Sai gwajin sitaci, wanda kuka riga kuka sani daga darasin fotosintesis. Ku tsinko ganye mai tabo da lafiyayye da yamma, bayan sun sha rana. Ku tsoma su a tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Ku kashe wutar gaba ɗaya, sannan ku sa ganyen a kwalbar gwaji mai itanol, ku tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin har koren ya fita. Itanol yana kamawa da wuta nan take, kada a kusantar da shi da harshen wuta ko sau ɗaya, kuma malami ya kasance a wurin. Ku ɗauraye ganyen a ruwan ɗumi ya yi laushi, ku shimfiɗa a farin faranti, ku ɗiga aidin. Lafiyayyen wuri zai koma shuɗi mai duhu, tabo da zobensa ba za su koma ba. In ganye mai tsatsa ne, ku duba gefen ƙurajen sosai, wani lokaci sitaci yakan taru a nan, shaidar abincin da funfunar ta janyo wa kanta.

Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Ƙwaryar gyaɗa a ƙarƙashin ƙasa take, ba ta ganin rana, duk abin da zai cika ta daga ganye yake saukowa. Cutar kuma ta fi tsanani daidai lokacin da ƙwarya ke cika. Sannan fatar da tsatsa ta fasa tana zubar da ruwa ba tare da ƙofofin iska sun iya tsayar da shi ba.

Mataki na bakwai: gwajin gwangwani huɗu

Wannan ya fi ɗaukar lokaci, amma a ganina shi ne mafi daraja, domin da shi za ku tabbatar da sababi, ba zato ba. Tsarin ya samo asali ne daga ƙa'idojin da Robert Koch, likita ɗan Jamus, ya shimfiɗa a shekarun 1880: in kana zargin wata halitta da kawo cuta, ka ɗauke ta ka sa wa lafiyayye, ka ga ko cutar za ta fito.

Ku shuka gyaɗa iri ɗaya a gwangwani huɗu, ƙasa ɗaya, nesa da gonar gyaɗa, ku bar ta ta yi wata guda. Ku ɗauko ganyen da ya yi gashi a robar laima, ku wanke tabon da ɗan burushi cikin rabin kofin ruwa mai tsabta. Da yamma ku yayyafa wannan ruwa a gwangwani na 1 da na 2, sama da bayan ganye. Na 3 da na 4 ku yayyafa musu ruwa zalla. Ku lulluɓe na 1 da na 3 da farar leda na awa 48 a inuwa, kada rana ta dafa su. Na 2 da na 4 a bar su a buɗe a ƙarƙashin rumfa. Daga nan ban ruwa a gindi kawai, kada ya taɓa ganye. Kullum ku duba ku rubuta, har mako uku.

Abin da ake sa rai shi ne na 1 ya fi kowa tabo, na 2 kaɗan ko babu, na 3 da na 4 babu. In tabo ya fito, ku maimaita aikin salatif ku ga ko ƙurar irin ta farko ce. In sakamakonku ya saɓa, ku rubuta shi yadda ya zo, ku nemi dalili. Kada ku gyara lamba domin ta dace da littafi.

Gwajin yana nuna abu uku da dole su haɗu kafin cuta ta kama: funfunar, tsiron da take iya ci, da yanayi mai laima. Duk dabarun kariya a gona cire ɗaya ne daga cikin ukun. Juya shuka, wato a sa gero ko dawa bana inda aka yi gyaɗa bara, yana hana funfunar abinci, domin ta tabon gyaɗa ba ta cin hatsi. Kwashe harawa da tuge gyauron gyaɗa yana rage ƙurar da za a fara damina da ita. Shuka da wuri da ba da tazara suna rage lokacin da ganye ke zama a jiƙe. Masu kiwon iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda irin gyaɗa na SAMNUT ke fitowa, da na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, a Kano da Sadore ta Nijar, suna aiki a kan tsiron kansa, kuma suna auna tsananin tabo da ma'aunin 1 zuwa 9, wanda ba shi da nisa da abin da kuka yi da giraf.

Maganin feshi kuwa, tun daga haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa da masanin tsirrai Millardet ya bayyana a Faransa a 1885 har zuwa mankozeb da ake sayarwa a kasuwanninmu, mafi yawansa rufe fatar ganye yake yi ya kashe ƙurar kafin ta shiga. Ba ya tayar da mataccen tabo. Shi ya sa ake fara feshi da zarar tabon farko ya bayyana a ganyen ƙasa, a maimaita bayan kimanin kwana 14, ba sai gona ta yi baƙi ba. Feshin ba aikin ɗalibi ba ne, a bar shi ga wanda ya san awo kuma yake da kayan kariya.

Idan kun gama, ku tattara ganyen da tishu da tsiron gwangwanaye ku binne su da zurfi ko ku ƙona, kada ku watsar kusa da gonar makaranta, ku wanke hannu da robobin da sabulu. Rahotonku ya ƙunshi wuri da kwanan wata, zanen ganye sama da baya, zanen ƙurar iri da ninkin da kuka duba ta, jadawalin kashi cikin ɗari na ganye goma, sakamakon aidin, da ranar da tabo na farko ya fito a kowane gwangwani.